Babi na Huɗu: Shirin Tarbar 'Yan Tsaki

A makon farko sabon mai kiwo ya fi asarar tsaki, kuma abin da ke kashe su yakan riga su isa gidan. Ɗaki ne da ba a wanke ba, ko gawayin da ya ƙare da ƙarfe uku na dare, ko buhun abincin da aka ce sai gobe za a aiko da shi daga Sakkwato. In asarar ta auku sai ka ji mai kaji yana cewa, "Tsakin wagga shekara ba su da ƙwari," ko ya ɗora wa dillali laifi. Wani lokacin da gaskiyarsa. Amma galibi tsakin lafiya lau suka zo, masaukin ne bai kintsu ba. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a kiwon kaji ranar tafiya ita ce ranar da kwalin tsaki ya sauka a ƙofar gida.

A babin da ya gabata mun yi magana kan zaɓen iri: buroila mai saurin nama, masu ƙwai irin su Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta samar, da masu juriya irin su Noiler na gonar Amo da ke Awe a Jihar Oyo, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta. Kowanne mutum ya zaɓa, buƙatarsu a makonni huɗun farko kusan ɗaya ce. Lissafin wannan babi an yi shi ne a kan kwali guda, wato tsaki 50, don shi ne daidai ƙarfin yawancin gidajen Magarya da sauran garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo, inda rashin tsaro na shekarun nan ya sa dabbar da ake iya tsarewa a cikin gida ta ƙara daraja.

Aikin da uwa take yi

Kaza takan kwanta a kan ƙwai kwana 21. In ta ƙyanƙyashe, tsakon yakan fito da nauyin da bai wuce giram 40 ba ko kusa da haka, jikinsa ba gashin kirki sai lallausan gashi. Babbar kaza zafin jikinta yana kusan digiri 41, kuma tana riƙe shi ko da sanyi ko da zafi. Tsako ba ya iyawa. Sai ya yi mako biyu ko fiye kafin jikinsa ya fara daidaita zafinsa da kansa, kuma sai gashi ya rufe shi sosai kafin a daina damuwa da shi. Shi ya sa za ka ga ya ɗan yi kiwo kaɗan ya ruga ƙarƙashin fiffiken uwa, ya ɗumama, ya sake fitowa.

Ayyuka uku uwa take yi: tana ba da ɗumi, tana nuna abinci da ruwa, tana kuma tsaro. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Wanda ya sayi kwali ya karɓi waɗannan ayyuka uku a wuyansa, sai dai ita kazar goma ko sha biyu take rufewa, shi kuwa hamsin ne. Duk kayan da za mu lissafa a ƙasa madadin ɗaya daga cikin ayyukan nan ne, kuma mai kiwo da ya riƙe wannan a ransa zai gane wanne kaya ne dole, wanne ne ƙawa.

Tafiyar da suka sha

Yawancin manyan gidajen ƙyanƙyasa na Nijeriya suna Ibadan da kewayenta. Akwai na Olam da aka buɗe a Kaduna a 2017, wanda ya rage wa Arewa nisa, amma har yanzu tsaki da yawa daga kudu maso yamma suke tasowa, su bi ta Ilori, Jebba, Kwantagora, Yawuri da Jega kafin su shigo Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 800. Daga nan kuma a ɗora su a ƙaramar mota ko babur zuwa Achida, Wurno ko Goronyo.

Abin da ke ba su damar jure wannan tafiya shi ne ragowar kwaiduwa da tsako ke janyewa cikin cikinsa dab da ƙyanƙyashewa. Ita ke ciyar da shi har kusan awa 72. Wato tsakon da ake kira na kwana ɗaya, in ya iso Magarya ya ci rabin guzurinsa ko fiye, ga ƙishirwa, ga jijjiga. Ba shi da sauran awannin da zai jira a share ɗaki ko a nemo gawayi. Don haka wanda zai ɗauko kwalin ya yi sammako ko ya bari sai la'asar sakaliya, kada ya sa shi a but ɗin mota, kada ya toshe hudojin kwalin da mayafi, kada kuma ya tsaya cefane da shi a rana.

Dubi kalanda kafin ka dubi kasuwa

Ma'aunin da masana suka tsayar shi ne digiri 32 zuwa 35 a daidai bayan tsako a makon farko, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako har zafin ya yi daidai da na gari. Wannan lissafi ɗaya ne a ko'ina, amma aikin da yake jawowa a gabashin Sakkwato ya danganta da watan da ake ciki.

A Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauko zuwa digiri 15, a bakin fadamar Rima ma ya fi haka cizo. Tsakanin abin da gari ya bayar da abin da tsako yake so akwai tazarar kusan digiri 20, kuma wuta ce kaɗai za ta cike ta, tun magariba har hantsi. A Afrilu da Mayu kuwa labari ya juya. Rana kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Wanda ya karanta a littafi cewa tsaki na son wuta, ya hura musu gawayi da azahar a bazara, ya gasa su ne da hannunsa. A wannan lokaci aikin rana shi ne inuwa, iska da ruwa mai sanyi, wuta kuwa ta ƙarshen dare ce, ita ma 'yar kaɗan a kwanakin farko. Da damina matsalar laima ce: shimfiɗa ta jiƙe, abinci ya yi fumfuna, hadari ya taso da iska mai sanyi cikin minti kaɗan, don haka gawayi busasshe ya zauna a kusa ko da an wuni da zafi.

Akwai wani lissafin da masu kiwo don Sallah suke mantawa. Buroila takan kai sayarwa a mako shida zuwa takwas, don haka mai son kasuwar Ƙaramar Sallah yakan karɓi tsaki kamar wata biyu kafin ranar. A 2024 an yi Sallar ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuwa ranar 30 ga Maris. Duk shekara tana matsowa baya da kusan kwana 11. Ma'ana, lokacin karɓar tsakin Sallah, wanda ya kama Fabrairu a 2024, yana ƙara nutsawa cikin Janairu da Disamba, tsakiyar ɗari. Gawayin da ya ishi mutum shekaru uku da suka wuce ba zai ishe shi ba a shekarun da ke tafe.

Ɗaki da kewaye

Ɗakin ƙasa mai kauri ya fi na bulo mai rufin kwano riƙe yanayi: ba ya saurin yin zafi da rana, ba ya saurin hucewa da dare. Aibinsa ramuka da tsagu, inda ɓera, maciji da kwarkwasa suke shiga. A liƙe su da siminti ko da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a sa wayar raga a taga, a tabbatar ƙasan ƙofa ba ta bar wa gafiya ko mage hanya ba. Kada ɗakin ya zama na ajiyar hatsi, kada ya haɗa bango da akurkin kajin gida, kada kuma ya zama ɗakin kwanan mutane.

Mako biyu kafin ranar isowa a kwashe komai, a share har da yanar rufi, a wanke da ruwa da sabulu, sannan a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Izal, a shafe bango da farar ƙasa. Wanki ne kan gaba, domin magani ba ya ratsa busasshen kashin kaji. In an taɓa kiwo a ɗakin, wannan hutu na mako biyu shi ke yanke cutar da garken baya ya bari.

A tsakiyar ɗakin za a yi kewaye, da kwali mai kauri ko falankin silin, tsayinsa kamar santimita 45 zuwa 60. Ga tsaki 50, faɗin mita ɗaya da rabi ya isa a kwanakin farko. A zagaye shi ya zama da'ira, ba kusurwa ko ɗaya. Dalili kuwa, tsaki in suka ji sanyi ko suka firgita, lungu suke nema su hau kan juna, na ƙasa ya rasa numfashi. Da safe sai a tarar da biyar ko goma a danne ba tare da wata cuta ba. Bayan kwana uku ko huɗu a fara faɗaɗa kewayen, zuwa kwana goma ko mako biyu a cire shi. Zana da asabari suna tare iska daga waje, amma kada su kusanci wuta.

Shimfiɗa

Nan mutanen wannan yanki suka yi sa'a. Shinkafar da ake nomawa a fadamun Wurno da kuma filayen ban-ruwa na ƙasan madatsar Goronyo tana barin tulin buntu a bayan kowane injin casa, kuma buntun shinkafa na cikin shimfiɗu mafi kyau: yana shan laima, ba ya saurin dunƙulewa. A shanya shi a rana ya bushe ƙarau, a zuba kaurin santimita 5 zuwa 8, a ƙara kauri da hunturu don ƙasa ce ke fara zuƙe ɗumin tsako ta ƙafa. In babu buntu, a nemi sassaƙen katako mai faɗi daga wurin kafintoci. Garin zarto mai laushi bai dace ba, domin tsako yakan ɗauka abinci ne ya cika cikinsa da shi, ƙurarsa kuma ta dami numfashinsa.

A kwana uku na farko a shimfiɗa takarda mai kaushi a kan buntun, a barbaɗa abinci a kai. Ƙarar da bakin ɗan'uwansa ke yi a kan takardar ita ke jawo tsako ya zo ya gani, ta nan suke koyon ci. Leda da duk wani abu mai santsi kan raba ƙafafun tsako, kuma wanda ƙafarsa ta baje da wuya ya miƙe. Bayan kwana uku a kwashe takardar a ƙone.

Wuta

Inda lantarki ya tsaya, ƙwan fitila na da, mai wat 100 ko 200, yana ba da ɗumi. Fararen ƙwayayen zamani masu tsimin wuta haske kawai gare su, haka ma fitilar sola ta caji. Suna da amfani don tsaki su ga abinci da dare, amma ba sa ɗumama kowa. Tunda a ƙauyukanmu ba mai iya jingina ran tsaki 50 a kan wutar da ba a san lokacin ɗaukewarta ba, kananzir kuma ya yi tsada, gawayi ne abin dogaro.

Kurfoti ko tukunyar ƙasa mai hudoji a gefe duk suna yi. Tukunyar ta fi riƙe zafi da sakinsa a hankali. Guda ɗaya ta ishi kwali guda. A ɗora ta a kan bulo ko faifan yashi a tsakiyar da'ira don kada ta taɓa buntu, a zagaye ta da raga don kada tsako ya manna jiki. A waje ake hura gawayin, a bari hayaƙi ya ƙare, ya zama jan garwashi, sannan a shigo da shi. A ɗan rufe shi da toka don ya daɗe. Mai kiwo ya gwada tukunyarsa dare guda kafin tsakin su zo, ya ga awa nawa cika ɗaya take yi, don ya san lokacin da zai riƙa tashi. Tsakanin ƙarfe uku na dare da asuba sanyi ya fi tsanani, kuma a lokacin ne wuta ta fi mutuwa.

Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mai tsoron sanyi yakan toshe taga da ƙofa da tamfol har ba inda iska ke shiga, sai tsakin su yi laushi su mutu, shi kansa ya fito da ciwon kai. A rufe ƙasa inda iska ke bugun tsaki, a bar kafa a sama inda gurɓatacciyar iska za ta fita. Kada yaro ko babba ya kwana a ɗakin da sunan gadi.

A kunna wutar awa 24 kafin isowa da hunturu, don shimfiɗar kanta ta ɗumama. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, a rataye shi daidai tsayin tsako, nesa kaɗan da tukunya. Amma tsakin da kansu sun fi kowane ma'auni faɗar gaskiya. Tsuguna a bakin kewayen ka yi shiru na minti biyu. In sun cure a jikin ragar tukunya suna kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa, sanyi suke ji. In sun gudu sun manne da bangon kwali, baki buɗe, fiffike a sake, wuta ta yi yawa. In sun taru a gefe ɗaya sun bar ɗayan, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In kuwa sun bazu, wannan na ci, wancan na sha, wasu sun miƙe wuya a kan buntu suna barci, kukansu ƙasa-ƙasa, to ka daidaita. Ɗauki ɗaya ka taɓa ƙafarsa a kumatunka: in ka ji ta da sanyi, ƙasan ɗakin bai ɗumama ba ko da iskar sama ta yi zafi.

Ga wanda gawayi ya yi wa tsada akwai wata dabara daga Habasha, inda masani Solomon Demeke na Jimma ya inganta akwatin reno mara wuta. Akwati ne da ake cusa busasshiyar ciyawa a bangunansa, a rufe samansa da buhu, tsakin su kwana a ciki a matse, ɗumin jikinsu ya taru ya riƙe su, da rana a fito da su wani akwatin mai raga su ci su sha. Yana yi wa tsaki kaɗan masu juriya da kaka ko ƙarshen damina. A tsakiyar ɗari kuwa, musamman ga buroila, a haɗa da wuta.

Ruwa da abinci

Mazubin ruwa na roba mai lita huɗu guda biyu sun ishi tsaki 50. Wanda zai yi amfani da faranti ya zuba tsakuwa wankakkiya a ciki, don tsako kan nutse a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, in ma bai nutse ba jiƙewa kaɗai ta isa ta kashe shi da sanyi. A ajiye ruwan nesa kaɗan da wuta don kada ya yi zafi, a wanke mazubin kullum, a riƙa ɗaga shi a kan katako yayin da suke girma don kada su cika shi da buntu. Ruwan da mutanen gida ba za su sha ba, kada a ba tsaki.

Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kuma a nan ne lissafi ke karyewa. Mutum ya tara kuɗi ya sayi kwali, sannan ya fara tunanin abinci. Tsarin da ya dace shi ne a sayi abinci tukuna, abin da ya rage a sayi tsaki gwargwadonsa. Tsaki 25 masu ƙoshi sun fi 50 masu yunwa riba. Buroila guda takan ci kusan kilo ɗaya a makonni ukun farko, wato kwali guda yana buƙatar buhu biyu masu kilo 25 na abincin farawa, mai sinadarin gina jiki kashi 22 ko 23 cikin 100. Masu ƙwai da Noiler ba su kai haka ci ba. Akwai Vital Feed na Jos, da Chikun, da Top Feeds, da Hybrid, da wasunsu a kasuwa. A duba ranar da aka yi buhun, a shinshina, a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Abincin da ya yi fumfuna guba ne ga hantar tsako, kuma shanya ba ta cire gubar. Dusa zalla ko ɓarzajjen gero kan cika ciki, amma ba sa gina tsakon gidan gona.

A kwanakin farko murfin kwalin da suka zo ciki ko kiret ɗin ƙwai sabo ya isa mazubin abinci. A zuba kaɗan-kaɗan sau da yawa. A bar musu haske kusan dare duka a kwana biyu ko ukun farko don su san inda komai yake.

Rigakafi

Allurar cutar Marek a gidan ƙyanƙyasa ake yinta, don haka a tambayi dillali takardar da ke nuna abin da aka riga aka yi da jadawalin abin da ya rage. Biyu ne ba a wasa da su a makonnin farko: Gumboro, da annobar Newcastle, wadda ke share kajin gari duk hunturu, wadda kuma ake karewa da Lasota. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin waɗannan magunguna, akwai kuma na ƙasashen waje. Likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai tsara ranakun daidai da irin tsakin.

Abin da ya shafi shiri shi ne sanyi. Maganin rigakafi yana son digiri 2 zuwa 8, in ya yi zafi a hanya ya zama ruwa kawai. A tanadi kula ko filas da ƙanƙara, a san wanda zai je Sakkwato ya dawo a ranar. Kwalba guda takan ɗauki na kaji 100, 200 ko fiye, kuma in an buɗe ba a ajiyewa, don haka maƙwabta uku ko huɗu su karɓi tsaki rana ɗaya su raba kwalba da kuɗin mota. Ranar bayarwa a janye ruwa na awa ɗaya ko biyu da sassafe, a haɗa maganin da ruwan da ba a sa masa kilorin ba, su shanye cikin awa biyu. Kafso ja da rawaya da ake fasawa a ruwan tsaki ba ya hana Gumboro ko Newcastle.

A bakin ƙofa a ajiye kwano mai ruwan magani da takalmi na ɗakin kaɗai. Mutum ɗaya ya riƙa shiga. Wanda ya dawo daga layin 'yan kaji a kasuwa kada ya leƙa sai ya wanke hannu da ƙafa ya sauya tufafi. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata babbar gona a Jaji ta Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ba ta daina dawowa ba, kuma a ƙafar mutane, a kiret da keji, take yawo. In maƙwabciya ta ce, "Yaya, bari in ga ɗiyan kajin naki," a nuna mata ta taga.

In a gida aka ƙyanƙyashe

Wanda kazarsa ta ƙyanƙyashe a akurki ya huta da gawayi, amma sauran ayyukan suna nan. Tsakin gida shaho, shirwa, hankaka da raɓa suka fi kashewa. A tsare uwa da 'ya'yanta a kewaye mai rufin raga na mako uku ko huɗu, a ajiye musu abincin farawa a ƙarƙashin kwando mai ƙananan kafofi da tsako zai shiga babba ba zai shiga ba. Kafin ƙyanƙyasa a share akurkin, a sauya shimfiɗa, a yi maganin ƙwarƙwata da ƙuma.

Ƙwan zabi da ake sa wa kaza da damina kwana 26 zuwa 28 yake yi. Tsakin zabi sun fi na kaza rauni ga sanyi da jiƙewa, kada a sake su cikin ciyawa sai rana ta busar da raɓa. Suna kuma son abinci mai gina jiki sosai, shi ya sa dabarar iyayenmu ta kifa tukunya mai kashin shanu da karmami a kan hanyar gara, a kwashe da safe a zuba musu, har yau tana da amfani. Mai injin ƙyanƙyasa kuwa ya bar tsaki a ciki sai sun bushe sun miƙe, sannan ya mai da su kewayen da ya riga ya ɗumama.

Ranar isowa

A buɗe kwalin a cikin ɗakin, a ƙirga, a ware mai rauni da wanda cibiyarsa ba ta rufe ba. A ɗauki kowane tsako a tsoma bakinsa a ruwa kafin a ajiye shi. Ruwan farko a sa masa gulukos ko sukari kamar babban cokali biyu a lita guda, na 'yan awanni kawai, sannan a koma ruwa zalla ko mai bitamin. Da sun sha a ba su abinci.

Washegari a kama goma daga wurare daban-daban, a shafa jakar abincin da ke gindin wuyan kowanne. Ya kamata tara ko duka goman a ji ta cike da laushi. In ta yi tauri, sun ci ba su sha ba. In ta yi ruwa-ruwa, sun sha ba su ci ba. In wayam ce, a binciki zafi da haske. A rana ta bakwai buroilar da aka rena daidai takan ninka nauyinta sau huɗu ko fiye. A ajiye littafi a rubuta abincin da aka zuba da wanda ya mutu kullum. Mutuwar ɗaya a mako ba abin tashin hankali ba ce, amma uku ko huɗu a rana guda dalili ne na kiran likita a ranar, a kuma binne gawar da zurfi.

Don haka, mai karatu, kafin ka tura wa dillali kuɗi, shiga ɗakin ka duba da idonka: an wanke ya bushe, kewaye ya tsaya, buntu ya shimfiɗu, an gwada tukunya, gawayin mako biyu yana nan, buhu biyu na abinci suna kan katako, mazubai a wanke, an kuma san ranar rigakafi da wanda zai ɗauko shi. In ɗaya daga ciki bai samu ba, ka ɗaga odar zuwa mako mai zuwa. A babi na gaba za mu bi tsakin daga mako na biyu zuwa ranar da za a kashe musu wuta.